Littafi Uku don Ƙafar Fasuma

Fasuma, an ce mai ɗori ya yanke hukunci:
kwana arba'in ba taka ƙasa.
Kabu-kabun da ya zubar da ke a kwanar Kasuwar Dole
yana nan yana yawonsa, ko ƙwarzane babu,
ke kuwa ga ki kan katifa kina ƙirga azara.
To ga Mutari na aiko da baƙar leda.
Ba kilishi ba ne, kar ki yi saurin murna,
littafi uku ne daga ƙasan adakata.

Fara da mai jan bango.
Wani ɗan ga-ruwa ne da wata tela a cikin Birni.
Shi kullum sai ya ɓata lissafin canji
don ya sami dalilin dawowa da la'asar,
ita ko ta gano shi tun Talatar farko
amma ta yi gum, tana ta zura zare.
Shafi ɗari ba wanda ya ambaci so,
sai jarka, sai allura, sai "an wuni lafiya".
Ni dai tuwona ya ƙone a kansa,
har maigidan ya leƙo yana tambaya
ko gobara na ɗora mana yau.

Na biyun ba bango, ya sha hannu.
Wa da ƙane, ciki ɗaya, nono ɗaya,
uba ya bar musu garka a hanyar Mirya
da rijiya guda tal, daidai kan iyaka.
Wan ya sayo guga, ƙanen ya yanke igiya,
gwaggonsu na kai gishiri nan, ta kai barkono can,
tana kwasar tumatirin kowa.
Za ki rantse kin san gidan.
Kar dai ki kama suna, bakin Mutari ba marfi.
Shafi na tamanin akuyarmu ta cinye,
in kin iso wurin ki kira ni, na haddace shi.

Na ukun, ajiye shi sai an ɗauke wuta,
ki karanta da hasken waya.
A cikinsa duwatsun Damagaram ba barci suke ba:
in dare ya raba sukan miƙe, su kakkaɓe ƙadangaru,
su jera zuwa wani tafki da ba mai sanin hanyarsa,
don su ma ƙishirwar nan ta gari ta ishe su.
Wata mai tallan gyaɗa ta ji hirarsu,
ta bi sawu har wata kasuwa ƙarƙashin ruwa
inda ba a karɓar dala, ba a karɓar jaka,
abin da kika tuna shi ne kuɗinki.
Da muryar kakarta ta biya.
Me ta saya? Bakina da goro.
Amma tun ranar, in na wuce dutsen bayan gidanku
sai na yi masa sallama, don ban sani ba.

Na san kawunki zai ce ɓata lokaci ne.
Lokacin ai tare da ƙafar ya karye,
gara a ɗora shi da labari.

Ga sharaɗi: kar ki leƙa ƙarshe, na san halinki.
Kar ki lanƙwashe kunnen shafi, sa tsinken tsintsiya.
Barira kuwa ko ta yi kuka kar ki ba ta aro,
wanda ta karɓa bara yana Tanut,
har yau wai yana hanya.

Ran da kika taka ƙasa, ki maido su da ƙafarki,
mu zauna gindin dalbejiya da fura mai sanyi,
ki faɗa mini tsakani da Allah:
da ke ce telar nan,
shafi nawa za ki iya yin shiru?