Inda Yatsa Zai Sauka

Da fenti na fara, a Dilimi,
yaron Oga Choji mai rubuta allunan shago.
Ya ce, "Wanda ke wucewa a kan acaɓa
ba zai tsaya kallon gwanintarka ba.
Harafi ya yi ƙiba. Kalma uku.
Sauran ka haɗiye."
Na haɗiye. Har yau suna cikina.

Daga nan sai gidan buga katin biki,
sai shagon intanet a Taminus,
inda na ga dattawa da furfurarsu
suna riƙe linzamin kwamfuta kamar ɗanyen ƙwai,
suna ba ni haƙuri
don na'ura ta ƙi su.
Haƙurin me, Baba?
Wanda ya kafa ƙofa ba mariƙi
shi ya kamata kunya ta kama,
ba wanda ya tsaya a bakinta yana laluɓe ba.

Shekara biyu na yi wa wani asibiti aiki.
Sista Nanret, mai aikin dare,
akwati goma sha tara take cikewa
kafin ta taɓa goshin yaro mai zazzaɓi.
Na kwana uku a kan benci ina kallon hannunta.
Muka mayar da su shida.
Ba ta gode mini ba. Ta dai samu ta sha shayinta da zafi.

Sai Abuja ta kira.
Bene na bakwai, sanyin na'ura, kujera mai juyawa.
Na zana wa banki maɓalli shuɗi,
siriri, kamar kwalli a idon amarya.
Aka tafa mini a ɗakin taro.
Na taho gida hutu da kaina a kumbure,
na shiga Farin Gada sayen kayan miya.

Iya Kande na zaune bayan kwandunanta,
wayarta a hannu, aikina a cikin wayar.
Rana ta cinye shuɗin nan ƙaf.
Yatsanta ya jiƙe da ruwan tumatir,
ya tsage da sanyin Jos na shekara talatin,
gilashin ya ƙi saninta.
Da ƙyar ta samu wurin, ta miƙo mini:
"Ɗan nan, karanta. Me ya ce?"
Na ce, "Ya ce, ci gaba."
Ta ce, "Ci gaba zuwa ina?
Kuɗina sun tafi ne, ko suna nan?"

Ban gaya mata ni ne ba.
Na biya tattasai na bar canjin,
kuma canjin bai wanke ni ba.

Tun ranar nake ɗaukar zane zuwa rana
kafin in kai shi gaban manya.
Na zauna da masu kawo dankali daga Bokkos,
masu 'yar waya mai tocila,
na koyi cewa tsoro ma yatsa gare shi,
yana rawa a kan lamba ta ƙarshe.
Na koyi rubuta: kuɗinki sun isa hannun Tanko.
Na koyi barin hanyar komawa baya.

Yanzu ina koyar da yara takwas a Rayfield,
sama da wani shagon taya.
Darasin farko ba kwamfuta:
je ka kasuwa, ka yi shiru, ka dubi hannaye.

Mahaifiyata har ta koma ga Allah
tana gaya wa maƙwabta, "Gyaran waya yake."
Ban taɓa gyara mata zancen ba.

Jiya a Farin Gada wata mata ta biya kuɗin kabeji.
Ta danna sau biyu, ko kallon kirki ba ta yi ba,
ta jefa wayar a jaka,
ta koma kan rigimarta da mai albasa.
Na tsaya nan riƙe da leda
har mai baro ya ce in ba shi hanya.