Gida Huɗu a Kan Kati

Ni ce mai ajiyar kati a ɗakin gashin ƙashi, a Shika.
Shekara goma sha ɗaya ina jera mutane da sunan ciwonsu:
shanyewar ɓarin jiki a kantar sama,
shan inna a ƙasa,
karaya kusa da taga, inda rana ke lashe tawada.

Bana aka kawo sabon tsari, da kwamfuta mai nishi kamar tsohuwa.
Dakta Asabe ta zana gida huɗu a allo:
me ya taɓu a jiki,
me mutum ke iya yi da kansa,
wace sabgar jama'a ta kuɓuce masa,
sai na huɗu, wanda ya tsaya mini a maƙoshi:
me ke kewaye da shi, mai ba da hannu ko mai tare hanya.
Ta ce a zuba duka a na'ura,
don mai jinya a Giwa ko Soba ya latsa waya ya ga abin yi,
ba sai ya ci bashin kuɗin mota ba.

Na fara da Malam Ramalan na Kwarbai.
A da, layi ɗaya ne shi: hawan jini, ɓarin dama.
Na karanta masa gidajen, ya yi dariya da rabin baki.

"Rubuta, 'yata: allura ta fi ƙarfina.
Aska takwas na bari rabi a kan shadda tun azumi,
mai riga ya gaji da aike.
Tuwo ina ci da hagu, amma sai an saki labule.
Majalisar bakin masallaci kuwa,
wata biyar tabarmata na naɗe."

Na huɗun fa, Malam?

Ya daɗe yana kallon sandarsa.
"Kwatar ƙofar gidanmu.
Taki ɗaya ce ga mai ƙafa biyu.
Ni a wurina Kubanni ce a Agusta."

Na duba littafin lambobi. Ashe kwata ma tana da gurbi.

Daga nan sai suka yi ta zuwa.
Barau, da tirela ta karɓi ƙafarsa a Kwangila,
bai yi kukan ƙafa ba, kukan matakalar banki ya yi.
Lami ta Wusasa, mai goyon ɗa ɗan shekara tara,
ta ce a rubuta bayanta a katin yaron, shi ne kekensa.

Ran Alhamis na ce wa na'ura ta jero mini gida na huɗu kaɗai.
Kwata, sau arba'in da uku.
Matakala, sau sittin.
Na zauna shiru, biro a baki.
Shekara goma sha ɗaya ina buɗe wa marasa lafiya kati,
ban taɓa buɗe wa gari nasa ba.

Jiya Malam ya dawo, ƙasan takalminsa da jar ƙasa.
Jikansa ya sayo katako a Sabon Gari, ya shimfiɗa a kan kwata.
Allura dai har yanzu tana zame masa,
tuwo har yanzu bayan labule.
Amma ya kawo mini gulmar majalisa, zafi-zafi.

Na juya zan shigar, aka ɗauke wuta.
Sai na rubuta a tafin hannuna, kada in manta:
katako, ƙafa shida.