Man Bara

Da ruwan Goronyo ya ja baya
na kife kwalekwalena a kan yashi,
na cusa jarkar fetur bayan rumbu,
rabi ce, ragowar jigilar masu albasa.
Na ce in damina ta faɗi sai mu ɗora.

Wata biyar.
Yau na kwance murfin,
babu warin nan mai tsinka hanci,
sai wani tsami kamar na tsohon fenti,
launinsa na shayin da aka manta a buta.
Na ja igiyar inji sau goma sha ɗaya.
Ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi,
ya yi gum.

Labbo ƙanena yana filin jirgin Sakkwato,
shi ke jan tiyo zuwa ƙarƙashin fiffike.
A waya har da dariyarsa:
“Namu kan shekara a tanki bai juya ba,
amma kullum da asuba sai an tsiyaya a kwalba,
a ɗaga wa haske, a nemi ɗigon ruwa.
Kai fa, yaushe rabonka da leƙa naka?”

Ban tanka ba.
Ni mai kwana bisa ruwa,
raɓa ce ta bi ni har bayan rumbu.

Mata uku na gaɓa da kwandunan kifi,
kasuwar ƙetare ta fara ci.
Na zaro filafilin Baba daga rufin ɗaki,
shekara tara bai taɓa ruwa ba.
Shi bai yi tsami ba.
Kafin tsakiyar gulbi
kafaɗata ce ta soma tari.