Kafin a Ba Ni Hatimi

Ranar da na dawo daga jami'a da kwali a hannu,
mutanen Aboabo suka fara kirana Injiniya.
Mai koko ta ƙara mini ƙosai biyu.
Babana, Mumuni birkila, bai ce uffan ba,
sai ya juya kwalin, ya leƙa bayansa
kamar mai neman inda aka ɓoye saura.

Ashe da saura.

Bautar ƙasa ta ci shekararta,
sannan na shiga hannun Madam Adomako,
gajeriyar mace mai hular kwano da ta koɗe,
wadda ban taɓa jin madalla a bakinta ba.
Ta miƙo mini littafi mai baƙin bango:
"Duk abin da hannunka ya taɓa, rubuta.
Abin da ka ɓata, rubuta shi da manyan baƙi."

Na rubuta yashi mai laka da na mayar.
Na rubuta kaurin rodi, da tazarar da ke tsakani,
da curin kankare da muka jiƙa kwana ashirin da takwas
kafin injin ya matse shi ya faɗi gaskiyarsa.
Na rubuta ɗan kwangilar da ya zare rodi uku a ginshiƙi
ya tura mini ambulan cikin ledar burodi.
Ban rubuta cewa hannuna ya daɗe a kan ledar ba.

Akwai kuma kwalbatin Oforikrom.
Ni na yi lissafin, ni na raina ruwan Yuni.
Dare ɗaya ya cika ya tumbatsa,
ya shiga shagon wata mai ɗinki, Sirina,
ya kwashe atamfofin mutane bakwai.
Wannan shafin na bar shi fari.
Madam ta gani, ta ƙi sa hannu,
wata uku tana wuce teburina kamar ba kowa
har na cika shi.

Na hau motar dare zuwa Ankara ta bakin teku,
rahotona a cinya, kwat ɗin aro a leda.
Mutum uku a bayan dogon tebur,
duk furfura, duk tabarau.
Na haddace nauyin da ƙarfe ke ɗauka,
na haddace dokoki har da lambobinsu.
Na tsakiya ya buɗe littafin, bai tsaya ko'ina ba
sai a wancan shafi.

"Ina mai ɗinkin take yanzu?"

Ban sani ba.
Aka ce in dawo baɗi.

Tun daga Nsawam har Konongo ban haɗiye yawu ba.
Da na iso, babana yana wanke cokalin gini a bokiti.
Ya ce, "Shekara talatin ina ɗora bulo a Zango,
ba takarda, ba tambari,
amma kowane ɗaki na san wanda ke kwana a ciki."

Na nemo Sirina a bayan Asawasi,
ta koma ɗinki a barandar yayarta.
Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.
Ta nuna mini a bango iyakar inda ruwan ya kai,
na gwada da tef, na sake lissafi
a tsugune, kekenta na ƙara a kunnena.

Bana suka ba ni.
Ɗan abu ne, bai fi kwalbar turare ba,
sunana a zagaye, lamba a tsakiya:
Fuseini Mumuni.
Madam ta ce, "To," ta ci gaba da shan shayinta.

Jiya aka kawo zanen bene mai hawa uku,
makarantar yara a Sawaba.
Na jiƙa hatimin da tawada,
na ɗaga,
sai na ajiye,
na tambayi mai zanen:
aji nawa ne a sama,
kuma yara nawa a kowane aji?