Ƙofar Da Ban Ƙera Ba

Shekara ashirin da ɗaya ina walda a Dilimi.
Rabin ƙyamaren Rikkos aikin hannuna ne,
tagogin Gangare ma, in ka duba kusurwa
za ka ga ɗinkina, siriri kamar tsagar fuska.
Mutane na zuwa da tsoronsu a aljihu,
in auna shi da tef, in yanka masa ƙarfe.

Gidana kuwa kar ka tambaya.
Sakata uku, kwaɗo biyu,
katanga da fasassun kwalabe a kanta.
Ƙarfe tara nake rufewa,
in girgiza ƙyaure, in ji ya ƙi motsi,
in ja bargo, sanyin Jos ya yi ta sallama a waje.

Daren Laraba ruwa ya sauko da ƙanƙara,
aka ɗauke wuta. Na tashi duba yoyon kwano,
sai ga haske a ƙarƙashin bargon Sagir,
shuɗi-shuɗi, yana numfashi.
Wayar uwarsa ce, wadda muka ɗauka tana caji.

Shekararsa goma sha ɗaya.
Har yau sai an tuna masa wanke bayan kunne.

Wani ne wai shi Kyaftin. Ba fuska, hoton damisa.
Wata biyu suna wasan harbi tare.
Ya saya masa bindigar zinariya ta cikin wasan,
ya tura masa data ranar da ni na hana.
Ya san sunan makarantarsa.
Ya san Asabar ɗin da muke zuwa Bukuru gaida kaka.
Can ƙasa, saƙon ƙarshe:
"Ɗauko min hoton ƙofar gidanku.
Kar ka gaya wa Baba."

Ƙofar da na ƙera da hannuna.

Hannuna ya je ga bel, ba zan ɓoye ba.
Haula ta riƙe min gwiwar hannu, murya ƙasa-ƙasa:
"In ka dake shi yau, gobe zai koyi goge saƙo.
Wancan ya saurare shi wata biyu.
Kai yaushe rabonka?"

Tartsatsin walda bai taɓa shiga idona haka ba.

Na zauna a bakin katifarsa, ruwa na ɗiga a bokiti.
Na ce, koya min wasan.
Ni da nake lanƙwasa rodi kamar kara,
babban yatsana ya kasa juya ɗan soja ɗaya.
Aka harbe ni sau shida. Sagir ya yi dariya,
dariyar ta karye a tsakiya,
sai kuka.
Ya ce tun makon jiya yake jin tsoro,
bai san wanda ya fi tsoro ba, Kyaftin ko ni.

Da safe Kangyang, 'yar maƙwabcinmu mai karatu a jami'a,
ta zo da rigar sanyi da haƙuri.
Ta ce kar mu goge komai, ta adana hotunan saƙonnin,
ta toshe damisar, ta nuna min inda ake kai ƙara,
ta nuna min sakatun da ke cikin wayar,
ƙanana, ba a ganinsu, ba mai buƙatar wuta ko hoda.
Na kai wa hedimasta labari kafin a kaɗa ƙararrawa.

Yanzu waya a ɗakinmu take kwana, cikin samirar Haula.
Na faɗa wa yaron abu ɗaya tak:
duk wanda ya ce kar ka gaya wa Baba,
shi ne farkon wanda za ka kawo min sunansa,
kuma bel zai tsaya a ƙugu.

Ina rufe ƙofa ƙarfe tara har yau.
Amma in na girgiza ta, sai in wuce ɗakinsa,
in ce, da wa ka haɗu yau a can ciki?
Wani daren ya ce ba kowa, ya juya wa bango fuska.
Sai in ƙara zama kaɗan.
Na san ƙarfe. Ba a lanƙwasa shi da sanyi.

Jiya wani alhaji ya zo shago,
yana son ƙyaure mafi kauri a Filato.
Na auna, na faɗi kuɗi, na karɓi kafin alƙalami.
Ya kai bakin mota na kira shi:
Alhaji, yaranka nawa ne?