Hassana da Usaina a Kogin Penryn

A Penryn, inda kogi ke shiga teku
ba sallama, ba neman iso,
shekara tara ke nan ina kwance noti.
Hannuna warin fetur, rigata gishiri,
ni da na koyi inji a gaɓar Yawuri
wurin Kawu Nomau, kurma,
wanda ke ɗora tafinsa a kan murfi
ya ce, "Filogi ne," tun ba a buɗe ba.

Ran Talata Morwenna Trevaskis ta zo
da makullin mijinta a zaren wuya.
Wata bakwai da binne shi.
Jirginsu mai ciki biyu yana ɗaure,
kwalekwale biyu da aka haɗa da daɓe,
gansakuka ta yi masa gemu.
Ta ce, "Inji biyu sun yi mini yawa.
Cire su, ka sa guda a tsakiya,
ko na lantarki, wanda ba ya ihu."

Na ce, guda a tsakiya ya fi araha,
mai kaɗan, gyara kaɗan, ban musa ba.
Amma bari raƙumin ruwa ya ɗaga bayan jirgi,
farfela ta fito tana saran iska,
sai ki ji kuka, babu tafiya.
Na lantarki kuwa ɗan kirki ne
har sai batir ya ce ga garinku nan
kina tsakiyar ruwa, magariba ta kawo jiki.
Waɗannan masu doguwar ƙafa ne,
ƙarfin doki goma-goma, saura ƙiris.
Ki ba ni safiya uku kafin ki yanke.

Na raɗa musu suna: ta dama Hassana,
ta hagu Usaina, mai tarin asuba,
ƙaramin da ke kwalekwalen baya, Gambo.
Da na fassara mata, ta rufe baki,
kafaɗarta kaɗai ke dariya.

Saki sitiyari, na ce, ba mota ba ce.
Tura Hassana gaba, ja Usaina baya.
Jirgin ya juya nan inda yake tsaye
kamar baƙo mai neman alƙibla.
Totur kaɗan. Kaɗan! Komo tsakiya.
Ba shi da birki, sai haƙuri,
ba shi da nauyi a ƙarƙashi:
iska ta taɓa shi, ya tafi a kaikaice
kamar faifai a hannun yara.
Sau biyu ta daki katakon gaɓa.
Ta zagi jirgin, ta zagi mamacin,
sannan ta ce, "Mu sake."

Safiya ta uku, muna dawowa daga St Mawes,
iska daga kudu maso yamma,
dab da matsaya, jirage dama da hagu,
Usaina ta yi tari biyu, ta yi shiru.
Hassana ita kaɗai ta fara jan mu hagu.
Na miƙa hannu.
Ta ce, "Zauna."

Ba ta yi gardama da jirgin ba.
Hagun da yake so ta bar masa,
zagaye guda, mai faɗi, ba gaggawa,
har ta hau saman iska, ta sauke totur,
iskar da ke korar mu ta zama mai rakiya,
ta ajiye mu a jikin katako
kamar ƙwai a kan auduga.
Na jefa igiya, hannuna na rawa.

Ta cire makullin daga wuyanta,
ta sa a aljihun wando, wajen canji.
Ta ce, "Bar su biyun. Nawa ne gyara?"

Da ta tafi na ɗaga Usaina,
na wanke mata gishiri da ruwan famfo,
na ɗora tafina a kan murfi,
na rufe ido, na ce, filogi ne.
Na buɗe. Ruwa ne a cikin fetur.
Kawu, har yau ban kamo ka ba.