Gyara Sau Biyu

Tun ran farko na faɗa wa Graciete,
a ɗakina na hawa na huɗu
inda taga ke leƙen kogin Douro:
rabin kuɗi yanzu, rabi ran ɗauka,
gyara sau biyu kyauta, na uku da farashinsa,
kuma hannu gare ni, ba kyamara ba.
Ta sa hannu tana dariya.
Ta ce, "Ondina, babana ne fa kawai,
fuska ɗaya gare shi."

Shekara ashirin da shida ina wannan sana'a,
ban taɓa cin karo da mai fuska ɗaya ba.

Abílio ya hawo matakala yana haki,
tsohon mai fito daga Afurada,
an zuba shi a kwat ɗin da ta fi ƙarfin kafaɗarsa,
yana ƙamshin sabulu, can ƙasa kuma hayaƙin gasasshen kifi.
Ya zauna kamar mai jiran a cire masa haƙori.
Sai a zama na uku ya manta da ni,
ya kama labarin hazon da ya ɓatar da shi wata asuba,
girarsa ta hagu ta ɗaga, bakinsa ya karkace,
na ce a raina, yauwa, mai gidan ya fito.

Tun ran gini ran zane.
Na kira su su ga na gawayi kafin in taɓa fenti.
Graciete ta ce hancin ya yi yawa.
Ƙanenta Telmo ya ce hanci lafiya lau,
idon ne ya yi sanyi,
baban da ya sani da ido yake tsawa.
Wata goggo ta bugo waya daga Faransa
a mayar masa da gashin da ya zube
tun Telmo yana rarrafe.
Kowa da nasa Abílio a aljihu,
ni kuwa allo ɗaya aka biya.

Na ce, wanda kuke nema
kun riga kun zana abinku tun kuna yara,
ba ni da tsanin shiga kawunanku in kwafo.
Wanda zan iya ba ku shi ne na kujerar nan,
da hasken ƙarfe goma a kuncinsa.
Na rage hancin da faɗin ƙwayar shinkafa.
Gashin kuwa na ƙi.

Ran ɗauka ana ruwa.
Na yaye mayafin, ɗakin ya yi tsit.
Tsohon ya matso, ya cire tabarau, ya mayar,
ya ce, "Wannan ba ni ba ne.
Babana ne."

Gabana ya faɗi.
Na fara lissafin haya da rabin kuɗin da ya rage.
Na ciro madubin da ke bayan ƙofa,
na juya shi ya ba hoton baya, na ce duba ta nan.
Fuskar da kake aske wa gemu kullum a juye take,
tabon da ka sani a dama
a hagu duniya ke gaishe shi.

Ya daɗe yana kallo.
"To, na cikin nan ni ne."
Ya waiga.
"Wancan kuma shi ne, har karkacewar bakin.
Bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba,
ya ce ba ya tsayawa wuri ɗaya sai a kabari."

Graciete ta buɗe baki za ta koma kan hanci,
ya ɗaga mata yatsa.
Da idon nan da Telmo ke cigiya ya yi mata tsawa.

Shi da kansa ya sauka da allon, hawa huɗu,
ya tuɓe kwat ya lulluɓe shi don ruwa.
Gyara na biyu yana nan a takarda.
Har yau ba wanda ya zo karɓa.